Samirar Yaya Indo tana bisa kantata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya iske ni, ban ko naɗe darduma ba. Murja ce ta kira, babbar ɗiyar aminiyata Yaya Indo ta Kurfi. Ta ce, "Inna Sa'a, sai haƙuri. Mama ta cika bayan asuba."

Na ce mata wace Maman? Kamar tana da wata.

Ba na yawan rubutu a nan, kun sani, sai dai in ce amin ƙarƙashin na wasu. Amma yau gidan ya yi mani shiru da yawa, kuma akwai haƙƙinta a wuyana da nake so in faɗa a gaban mutane.

Tare muka yi makarantar allo a Rawayau. Ta girme ni da shekara uku. Ita ke gyara mani alƙalami in ya dakushe, ita ke tare mani wuri kusa da bango. Aure ya kai ta Kurfi, ni ya kawo ni Dutsin-Ma, amma zumunci bai yanke ba.

Bara maigidana, Malam, ya rasu. 'Ya'yana suka zo, aka yi bakwai, kowa ya koma inda yake neman abincinsa. Aka bar ni da gida.

Duk wadda ta taɓa zaman makoki ta san yadda abinci ke shigowa. Kula, samira, langa, fanteka, wata da tuwo, wata da kunu, wata ba ka ma ga mai kawowa ba. Masu taya ni aiki suka wanke suka jera bisa kantar kicin, wadda Malam ya sa aka gina mani da siminti aka shimfiɗa mata tayil, tun daga bakin ƙofa har taga. Wasu sun karɓi nasu. Fiye da ashirin suka kwana nan.

Abu biyu suka ɗaure mani hannu. Mu dai an tashe mu a kan ba a mayar da kwanon mutane wofi, ko da ƙullin gishiri ne sai an saka. Ni kuwa ba ni da ƙarfin dafa ko shayi. Na biyu, ban san na wa da wa ba ne. Ina tsoron in ba Hajara kular Ladidi, in ci haƙƙin wata ban sani ba.

Sai na ce gobe.

Bisa kayan mutane sai nawa kayan suka hau. Gwangwanayen madara, robobin da babu murfi, murafan da babu robobi, ledoji, filas ɗin da ya fashe tun Malam na da rai. Kanta ta ɓace. Wurin yanka albasa ma babu. Na koma jiƙa gari a kofi in sha a tsaye.

Na fita takaba, amma ban fita gida ba. In na ji muryar maƙwabciya a zaure sai in ce kularta ta biyo. Suna biyu da biki ɗaya aka yi a layinmu ban leƙa ba, don kunyar haɗa ido da masu kaya. A hankali aka daina sallama.

Wata Asabar sai ga Yaya Indo, ba waya ba aike, da jakarta a hammata. Ta wuce kicin neman ruwan sha. Na ji ta yi salati.

"Malama, shago kika buɗe ba ki gayyace mu ba?"

Malama take ce mani in za ta tsokane ni. Na yi mata bayani, har da hukuncin amana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tuɓe hijabi ta rataye a ƙofa, ta ɗaure zani.

"To Malama, na ji fatawa. Tambaya ɗaya gare ni. Riƙe ma mutane kaya wata bakwai, shi a wane babi yake?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Ta ce komai sai ya sauko, ko cokali kada a bari. Muka yi ta jido har azahar. Da kantar ta fito fili ta sa soso da sabulu ta wanke ta, ni ina tsaye ina kallon tayil ɗin da na manta launinsa. A can lungu muka tarar da kofin shayin Malam, da busasshen ganye a ƙasansa. Na zauna a ƙasa ina kuka. Ba ta ce mani in yi haƙuri ba. Ta wanke kofin, ta goge da gefen zaninta, ta kai mani ɗaki ta aje bisa littattafansa, ta dawo ta ci gaba da aiki.

Dokarta guda ce. "Abin da hannunki ke taɓawa kullum shi ke kwana bisa kanta. Na mako ya shiga ƙasa. Na shekara ya tafi sito. Wanda kika manta kina da shi, wata na can tana nema."

Gishiri, man gyaɗa, yaji, ashana, wuƙa da tukunya ɗaya. Su kaɗai suka koma sama. Na roƙi arziƙin gwangwanayen madara, na ce za su yi amfani wata rana. Ta ce, "Wace rana? Ranar da za ki aurar da su?"

Sai kayan mutane. Nan ta nuna mani abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon zamana a layin nan. Ta riƙa kifa kowanne tana duba gindinsa. Ashe babu macen da ke fitar da kwanonta ba alama. Wata ɗigon jan farce uku, wata zare a hannun kula, wata fenti shuɗi, wata ta karce harafin sunanta da ƙusa. Muka ware su kashi kashi. Ta ce in dai an gane guda a gida, sauran 'yan uwansa sun samu uwa.

Ta buɗe jakar nan tata, ashe daddawa ce ta ƙullo. Ta jefa ƙulli ɗaya a kowane kwano. "Ga shi nan, ba wofi ba ne. Sa hijabinki."

Bayan la'asar muka fita, ita da baho a ka, ni da buhu a hannu. Rabona da taka layinmu tun ranar da aka fita da Malam. Gidan farko Ladidi ta kifa kula ta ga jan farcenta, ta rangaɗa guɗa. "Ashe tana da rai! Ni har na yi mata sadakar uku!" Aka yi ta dariya. Babu wadda ta ɓata mani rai. Wata tsohuwa ma riƙe hannuna ta yi ta ce, "Ai ke muka yi kewa, 'yar nan, ba langa ba."

Muka dawo baho wayam. Sai na ga samira ɗaya koriya, mai ɓantaren murfi, zaune tsakiyar kanta. Na ce mun manta wannan.

"Ba mu manta ba. Tawa ce. Da ita na kawo maki fura ranar uku."

Na ɗauko zan sa mata a jaka, ta buge mani hannu.

"Ni ba a sallamata da daddawata. Dambu za ki yi mani da zogale, da hannunki, bisa kantar nan. Kuma ba ni karɓar aike. Ki hau mota ki kawo mani Kurfi, ki kwana biyu."

Na ce in sha Allahu. Na raka ta bakin titi ta shiga mota. Ta leƙo ta taga ta ce, "Kada in ji an aza ma samirata leda ko ɗaya."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Wata biyar yau.

Ban aza ma samirar komai ba. Kullum ina goge ta, ina girki a gefenta. Amma ban je ba. Damina ce, sai gwiwata, sai na ce bari a yi sallah. Gaskiyar magana, na saba da zama ni kaɗai har fita ta koma mani aiki. Takan kira ta ce, "Malama, samirata ta yi saiwa ne?" In yi dariya in ce mako mai zuwa. Kiranta na ƙarshe muryarta ta yi ƙasa, ta ce mura ce. Na yarda, don yardar ta fi mani sauƙi.

Ɗazu na kira Murja. Na ce akwai samirar mahaifiyarku a wurina, yanzu ta zama ta magada, a sa ta cikin kayan gado. Ta ce sun sani. Wai tun tana kwance ta gargaɗe su kada wanda ya je karɓowa, Malama da kanta za ta kawo.

Dambun yana bisa wuta yanzu da nake rubutun nan. Na san an riga an kai ta. Zan dai kai, in zauna cikin masu gaisuwa, in kwana biyun da ta ce. 'Ya'yanta su ci.

Yaya Indo, na makara. Ki yafe mani.

Ya Allah, baiwarka A'ishatu ta zo maka. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka wanke ta daga kurakurai, ka sa ƙafar da ta taka zuwa gidana ta zama nauyi a mizaninta. Ka ba Murja da ƙannenta haƙuri. Ni kuma ka yafe mani jinkirina.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya ba ni ƙarfin shiga gidan nan in yi sallama ba ita za ta amsa ba.