Inna Hure, Tukwanenki Ba Su Bushe Ba

Ranar Talata, takwas ga watan Zulƙida, daidai da shida ga Mayun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Hure maginiya, ta unguwar Ƙofar Durbi, tana da shekara sittin da bakwai. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. A rumfar da muke ginin tukwane ta faɗi, dutsen guga na hannunta, randa na gabanta ta goge rabi. Kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa. An kai ta makwancinta bayan sallar la'asar.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, Inna. Ni ce Rahama, wadda kika laƙaba wa Malama Mai Biro. A zaman makoki kowa ya faɗi alherinki, ni ban iya buɗe baki ba. Rubutu kaɗai na iya, kin kuwa sha faɗa mini haka, kuma ba yabona kike yi ba. To ga shi na rubuta, don akwai abin da na yi bayan tafiyarki wanda ban san wa zan kai wa ƙarar kaina ba in ba ke ba.

Wanda bai san wurinmu ba, wani kango ne a bayan gidanki, gadon mijinki. Shekara biyar da suka wuce, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan yamma da gari, mata suka cika unguwannin Katsina da goyo da ƙunshin kaya, suna bin gidaje neman wanki da surfe. Wata daga cikinsu, Hajo, ta kwana uku tana zuwa ta zauna a dakalin ƙofar gidanki, ba ta roƙo, ba ta magana. An kashe mijinta da 'ya'yanta maza biyu rana ɗaya. Kowa ya wuce sai ya ce mata Allah ya ba da haƙuri. Ke kuwa da kika fito rana ta uku, sai kika dire mata curin yumɓu a cinya.

"Riƙe mani wannan, ɗiyata, hannuna ya cika."

Kika koma ciki abinki kika bar ta da shi har azahar. Da kika dawo, ta mayar da curin wani ɗan karkataccen kasko, kika juya shi kika ce bai kai a soya ko gyaɗa ba, ta dawo gobe ta gyara. Ta dawo. Haka aka fara, babu taro, babu sunan ƙungiya, babu allo a ƙofa. Ranar da kika rasu mu ashirin da uku ne.

Ni ba gudun hijira ya kawo ni ba. A birnin nan aka haife ni, na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, na ajiye aiki, mijina ya rasu, gida ya yi mini faɗi. Kaskon turare na zo saya, kuma bakina bai bar ni ba, na ce a zamanin roba da silba wa zai tsaya wahalar laka. Sai cewa kika yi in cire takalmi. Ranar na tattaka yumɓu da sabuwar atamfata, mata suna ta yi mini dariya, na koma gida da laka har gwiwa, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin takaba. Amma gaskiya ita ce ban taɓa zama maginiya ba. Randar da na gina sau ɗaya kika kalla kika ce a ajiye ta, in an yi baƙon da ba a so a ba shi ruwa a ciki. Sai na koma riƙe littafi, ina rubuta duk abin da na ga kina yi, wai don kada sana'ar ta ɓace.

Ba za a manta da shekarar da hanyar ramin yumɓu ta gagara ba. Mai kurar da ke kawo mana ƙasa ya fita wata safiya, har yau ba a sake jin labarinsa ba. Muka ce shi ke nan, wurin ya mutu. Ke kuwa kika ɗauki kwando kika shiga bin kududdufan bakin gari, har can wajen Kambarawa, da ƙafafun nan naki masu ciwo. Duk inda kika ɗebo sai kin ɗanɗana a harshe, ki tauna ki ji yashi, ki tofar. Wata huɗu kina gwaji, kina daka tsingaro, wato fasassun tukwane, kina haɗawa da buntun shinkafa, har kika samo haɗin da ya tsaya. Itace ya yi tsada, kika koma da mu kashin shanu da kara da ɓawon gyaɗa. Sai ga shi kuma wutar lantarki ta ƙi zama a gari, firji ya zama akwati, masu motoci daga GRA suka fara layi a ƙofar kango suna neman randa. Da wannan mata ashirin da biyu suke ɗora tukunya a gidajensu, ba sa miƙa wa kowa hannu.

Akwai wata al'ada taki da ba ki taɓa fasawa ba. Duk ranar da aka kwashe gashin tukwane, kafin mai saye ya taɓa ko ɗaya, sai kin ware tukwane biyar kin kai lungun gabas. Na kabari ne, waɗanda ake rufe gawa da su kafin a zuba ƙasa. Ba a sayar da su. Duk baƙon da ya mutu a garin nan ba shi da kowa, masu haƙa sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Na taɓa yi miki ƙorafi cewa masu rai ma ba su ƙoshi ba, kika ce masu rai suna da bakin roƙo.

Ranar taki, Inna, lungun gabas babu komai. Kwana uku kafin nan kin ba da na ƙarshe, an rufe wata tsohuwa da ta mutu a wani ginin da ba a gama ba. Ɗanki Abdurrahim ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya kalli lungun. Sai Hajo ta miƙe ta fita. Ɗakin da take haya ta je, ta tuttular da ruwan randarta, wadda kika gina mata da hannunki, ta ɗauko ta a ka. Sauran mata na ganin haka suka watse. Kafin a gama yi miki wanka randuna tara ne jere a ƙofar gida, gindinsu duk a jiƙe. Maza suka ɗauki biyar suka tafi da ke, mu muka tsaya a zaure muna kallon bayansu. Tun ranar gidaje biyar ruwan jarka suke sha a wannan zafin, kuma ban ji wadda ta yi maganar ba.

Yanzu ga abin da na yi.

Kin tafi kin bar ɗanyun tukwane ɗari da talatin a ɗaki, ba a gasa ba. Su ne abincin matan nan har damina ta wuce, don in ruwa ya sauka gini ya tsaya, kashin shanu ya jiƙe, rumfarmu kuma ta zama rariya. Ba mu taɓa kunna gashi ba sai kina tsaye. Ke ce kike bin su ɗaya bayan ɗaya, ki kifa randa, ki ɗora kuncinki a gindinta, ki yi shiru kamar mai sauraron magana a bayan katanga, sannan ki ce wannan ta yi, wannan da saura. In laka na riƙe da ruwa a ciki, kunci yana jin sanyinta ko da ido ya ga ta bushe ƙayau. Sau nawa kika kira ni?

"Aje biron nan, Malama, zo ki sa kumatu."

Kullum sai in ce bari in ƙarasa wannan layin. Ƙyamar ƙura nake yi, da kuma wani girman kai na 'yan boko, gara in faɗa tunda ba ki nan balle ki yi mini dariya. Abin da na yi shi ne ƙirga kwanaki. Na rubuta cewa kwana shida a inuwa, biyu a rana, sai wuta.

Bayan addu'ar bakwai mata suka taru. Gidan Ramla, mai 'ya'ya huɗu, kwana biyu ba a hura wuta ba. Masu saye suna ta aike. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da yamma, ya taso ya watse. Duk suka zuba mini ido saboda ni ke da littafi. Na buɗe, na ƙirga, na ce kwanaki sun cika har sun yi rara. Hajo, wadda a wata guda ba ta cika yin magana goma ba, ta ce ita dai a ganinta a ƙara haƙuri. Na ɗaga mata murya a gaban mutane, na nuna mata shafin da ba ta iya karantawa, na ce ga shi a rubuce. Ta sunkuyar da kai.

Ban tuna cewa lissafin nan na tsohon yumɓu ne ba, na ramin da muka rasa. Ƙasar kududdufi tana ɓoye ruwa a cikinta. Ban kuma cire kwana ukun makoki ba, da tukwanen suka yi a ɗaki rufe ƙarƙashin buhunan da kika lulluɓa musu.

Ranar Alhamis da la'asar muka jera sittin, muka rufe su, muka kunna. Wuta ba ta gama kamawa ba sai ta farko ta fashe. Inna, ban san ƙarar tukunya a wuta haka take ba. Ta biyu ta bi, ta uku, sai suka haɗe baki ɗaya, tsingaro na tashi sama. Matan da kika yi shekara biyar kina lallaɓawa har suka daina firgita in an buga ƙofa, na ga sun watse suna kiran sunayen 'ya'yansu. Ramla ta kwanta rub da ciki a ƙasa ta rufe kai da hannu, tana cewa sun zo, sun zo. Ni na jawo musu wannan, da littafina a hammata. Da wuta ta mutu muka tona toka, goma sha ɗaya suka fita lafiya.

Babu wadda ta zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Washegari suka zauna suna tsince ɓarnar kamar yadda kika koya musu, ƙanana a turmi, manyan da suka tsage biyu a lungun gabas. Lungun ya cika maƙil, bai taɓa cika haka ba. Masu haƙa ba za su rasa tukwane ba bana, amma gidan Ramla har yanzu koko ne safe da dare.

Saura saba'in. A cikinsu akwai randar nan da kika goge rabi, shatin yatsunki na nan a wuyanta. In waɗannan suka bi na farko, ko ruwa ya riga mu ya narkar da su, wurin nan ya tashi, matan nan kuma za su koma bin gidaje. Ni ina da fanshona, zan ci tuwo ko an yi ko ba a yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Yau da safe na riga kowa zuwa. Na cire tabarau, na durƙusa, na kifa randarki, na ɗora kuncina a gindinta. Na ji sanyi. Amma kuka nake yi, fuskata duk ta jiƙe, ban san ko na laka ne ko na hawaye ba. Haka Hajo ta shigo ta same ni. Na roƙe ta gafara. Ta sa gefen mayafinta ta goge mini fuska sosai, kamar yadda ake yi wa yaro, ta ce in sake sawa. Na sake. Sanyin na nan, can ciki, siriri. Sai ita ma ta durƙusa ta ɗora nata, ta daɗe.

"Kwana ukku, Malama. In an kunna kahin nan, hwashewa za su yi."

Ashe duk shekarun nan da nake rubutu, ita tana bayanki tana sa kunci in kin wuce. Mun yarda da maganarta, ita za ta tsaya a inda kike tsayawa. Amma jiya da yamma an ji ƙamshin ƙasa, iska ta kaɗa daga gabas har ta ɗage buhu biyu. Manoma sun gyara gonaki, a masallatai ana roƙon Allah ya saukar da ruwa, kuma suna da gaskiya. Mu kaɗai ne a garin nan muke ɗaga kai mu ga hadari gabanmu ya faɗi. Ina jin kunyar abin da nake roƙo, amma ina roƙonsa a kowace sujada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdurrahim da Iklima da sauran 'ya'yanki da jikokinki, da ƙanenki Malam Ummaru, da jama'ar Ƙofar Durbi, da mata ashirin da biyu da suka rasa uwa karo na biyu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, ga baiwarka Hure ta zo maka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta suturta bayinka da ba su da kowa, ka suturta ta ranar da babu sutura sai taka. Duk maƙogwaron da ya sha ruwan sanyi daga randarta, ka sa ya zama shaida a gare ta, ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, ka kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Mu kuma da ta bari da ɗanyun tukwane, ya Ubangiji, ruwa naka ne, lokaci naka ne. Ka ara mana kwana uku.