Matuƙin Jirgin da Aka Ɗaure

Delmar Haskins, dattijon da ke manna zaren ulu a fikafikan jirgi don a ga inda iska ke bi, bai san sunan baƙon ba. Laftanar kawai ake ce masa. Ana tsaka da yaƙi da Japan, sojoji ne suka turo shi nan Virginia ta Amurka ya riƙa zama cikin jirgin yaƙin da aka ɗaure bisa turaku a zauren gwajin iska, yana kula da inji.

Siriri ne, yana jan ƙafar hagu, ga tabon ƙuna yana sheƙi a wuyansa. Delmar yana zaton daga teku aka tsamo shi, likita ya ce shi da sama har abada.

Ga shi ya hau, yana ɗaure ɗamarar kujera tam, alhali ƙusoshi ne riƙe da jirgin. Manyan fankoki biyu suna ruri, zauren yana girgiza, zaren ulun duk ya kwanta. Laftanar kuwa sai waige yake, dama, hagu, baya, kamar ana biye da shi. Ba kowa bayansa sai fankoki.

Da iska ta lafa, Delmar ya jingina tsani.

"Sannu da hanya, Laftanar! Yau har Tokyo?"

Ko murmushi bai yi ba.

"Baba, in ka kwance ƙusoshin nan, zai tashi?"

"Bango zai daka, ɗana."

"Na sani." Bai saki sandar tuƙi ba. "Roƙa mini masu kula da fankokin su sake kunna iskar, ko minti biyar ne."