Mako Ɗaya a Bakin Teku

A shekarar da na samu aiki a ƙaramar hukumar Lewisham da ke London aka kira ni a waya, wai na ci kyautar hutu, in je wani otal in saurari bayani na awa ɗaya. Na tafi ranar Asabar, ban gaya wa maigidana ba. Awa huɗu na yi. Wata mata mai fara'a ta dinga zuba min shayi tana nuna min hotunan wani flat a bakin teku a Spain. Ta ce ba gidan zan saya ba, mako ɗaya ne a cikinsa, nawa duk shekara, har 'ya'yana su gada. Farashin kuma na ranar ne kawai. Na sa hannu ban karanta ba.

Da zan fito ta ce za a rage min kuɗi idan na kawo wani. Sai na kai Hajiya, wata dattijuwa a Dagenham da mijinta ya rasu, wadda ta riƙe ni kamar ƙanwarta tun zuwana London. Ban faɗa mata zancen ragin ba.

"Ke kin saya?" ta tambaye ni.

"Na saya, Hajiya."

"To shi ke nan, miƙo min biron."

Makona ya faɗo a Fabrairu, yara suna makaranta. Duk sanda na nemi a canza min shi zuwa lokacin hutu sai a ce ya cika. Sau ɗaya muka je, ruwa aka yi ta yi. Amma takardar kuɗin kula da gini ba ta fashin zuwa, kowace shekara ta fi ta bara. Ranar da maigidana ya karanta yarjejeniyar, cire tabarau kawai ya yi ya dube ni. Na nemi sayarwa, ko kyauta babu mai so. Wani kamfani ya ce yana da mai saye, in fara biyan kuɗin aiki. Na biya, lambarsu ta daina shiga.

Na daina zuwa gidan Hajiya. In ta kira sai in ce aiki ya yi yawa. A wani suna a Abbey Wood ta tare ni a kicin, ina wanke kofuna. Ban iya juyowa ba, a haka na faɗa mata komai, har ragin.

"Na sani," in ji ta. "Matar da ta sayar mana ta gaya min tun a makon farko."

"Hajiya, kika yi shiru?"

"Jira nake in ji daga bakinki."

Tare muka je wajen lauya. Bayan dogon rubuce-rubuce aka fitar da ita daga yarjejeniyar saboda shekarunta, ba a mayar mata da ko sisi ba. Nawa yana nan har yau. Da muka fito daga ofishin na miƙa mata kuɗin ragin a ambulan. Ta ture hannuna, ta ce in riƙe mata jaka mu kama bas, gwiwarta na ciwo.