Ranar da na mayar da gayaunar Gwaggo sifili

Ko zan manta komai na zamana a ƙauye bayan na gama karatu, ba zan manta daminar da na shafe gonar Gwaggona daga doron ƙasa da yatsa ɗaya ba.

A shekarar, ƙungiyar manoman garinmu da ke gefen Dawakin Tofa ta ɗauko tarakta ta yi huɗa kwana uku. Kullum rigima ake a kan wa za a fara yi wa, sai na ce su bar min, zan rubuta manhajar da za ta jera gonaki. Lokacin kaina ya kumbura, har Injiniya ake ce min.

Da yaren Go na rubuta. A can akwai abin da ake kira struct, wato mazubin da kake haɗa bayanan abu guda. Na yi ɗaya na Gona, mai ɗauke da faɗi da wuri. Sannan na yi na Gayauna, 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa ban da gandu, na cusa Gona a cikinsa kamar ƙaramin kwano cikin babba. Da na zo cika faɗin gayauna kai tsaye, kwamfaila, mai duba rubutu kafin ya zama manhaja, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ga shugaban ƙungiya a ƙofar gida yana ta sallama. Haushi ya kama ni, na goge layin da niyyar zan dawo masa. Nan take ta yi shiru, ni kuwa na ɗauka mun shirya.

Ashe a Go, lambar da ba ka cika ba sifili take zama, ba ƙorafi. Ni kuma da hannuna na sa a tsallake duk gonar da ba ta da faɗi.

Gwaggo, yayar Baba, mijinta ya rasu, gyaɗar gayaunar nan ce cinta da suturarta. Kwana na farko ta aiko a tambaye ni yaushe za a zo gayaunarta, na ce ta kwantar da hankalinta, jeri ne. Kwana na biyu ta zo da kanta. Daga nan na kasa zama wuri ɗaya. In leƙa gona, in dawo in buɗe kwamfuta, in rufe, in sake fita. Amma girman kai ya hana ni duba takardar jerin da na miƙa wa ƙungiya, don kada a ce Injiniya na shakkar aikinsa.

Da hantsin kwana na uku na ji ƙarar tarakta tana yin nisa. Na karɓi takardar, na bi ta da yatsa sau uku. Babu gayauna ko ɗaya a ciki, alhali bakwai ne a ƙungiyar. Gyaran bai kai minti biyu ba: sai ka kira sunan Gona a cikin Gayauna, ka buɗe ta, sannan ka zuba faɗin. Abin da kwamfaila ke ta gaya min ke nan. Na bi tarakta a babur, direban ya ce wani gari na jiransa.

Na sami Gwaggo a bakin gayaunarta, ƙasa ta fara shan iska. Na shiga yi mata bayanin mazubi cikin mazubi. Ta bar ni na gama, ta miƙo min garma.

"Injiniya, na'urarka ta ce ba ni da gona. To ga ta nan, auna ta da hannunka."

Kwana huɗu na yi ina huɗa, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, sannan na wuce sauran shidan. Shukar ta makara, gyaɗar ba ta yi auki ba, kuma Gwaggo ba ta taɓa tayar da maganar ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Tun daga ranar, in wani abu ya ƙi min, sai na saurari dalilinsa kafin in rufe masa baki. Duk gurbin da na gani babu komai kuma, nakan tambayi kaina gonar wa ce.