Muryar Kaltum a Cikin Akwatin Umara

Duk mai son a ɗaukar masa sauti a Azare, ko wa'azi ne, ko tallan magani, ko waƙar ɗaliban Islamiyya, shagon Umara ake nuna masa, can bayan tasha. Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya, in dai ba zancen akwatinsa ka taɓo ba. Nan kam sai ka nemi wurin zama.

Ɗan akwatin shi ke karɓar murya daga makirufo ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa. Umara kan ce yanka muryar yake yi ƙanana-ƙanana, sau dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya a daƙiƙa guda, ko sau dubu arba'in da takwas in aikin masu bidiyo ne. Akwatin da agogonsa, kwamfuta ma da nata.

"Kamar salla ne," in ji shi. "Ɗaya ya yi limanci, ɗaya ya bi. In kowa ya ta da tasa kabbarar, murya ta tashi daga ta mai ita."

Abin haushi, mai wannan wa'azin shi abin ya faɗa wa. Lokacin da akwatin ke sabo ya ba wani mai bidiyon biki aro, aka dawo masa da shi a dubu arba'in da takwas yana bin agogon kansa, kwamfuta kuma tana nan a dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya inda ya bar ta. Bai duba ba. Ranar da aka dawo da shi ya tafi da kayan gida don gwada sabon makirufo, ya tarar da matarsa Kaltum tana tsince wake a tsakar gida, ya ce ta yi magana. Ta kuwa yi. Ta yi masa tsiya kan yadda yake goge akwatin da hannun riga, ta ce ita ko sau ɗaya ba ta taɓa samun wannan lallashin ba, ta yi dariya, ta kori kaza. Ya adana ya manta. Kafin damina ta fita Kaltum ta rasu, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Allah bai ba su haihuwa ba.

Ya daɗe kafin ya iya buɗe sautin, amma da ya buɗe sai ya zama abokin cin abincinsa. Kullum bayan azahar zai buɗe kwanon shinkafar da ya sayo, ya sa abin ji a kunne. Murya ce mai nauyi, tana tafiya a hankali, dariyar ma jan ƙafa take yi. 'Yan'uwa sun yi masa maganar sake aure har bakinsu ya gaji. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Wata rana yana share tsofaffin ayyuka ya ci karo da tallan Bappa mai maganin basir, wanda ya ɗauka a ranar gwajin nan, mai shi bai dawo karɓa ba. Kowa a tasha ya san muryar Bappa, siririya ce kamar usur, a lokacin ma yana waje yana ta kwarmato. A kwamfuta kuwa wani ƙato ne ke gurnani. Nan Umara ya gane cewa a ranar akwatin da kwamfuta kowa tasa kabbarar ya tayar.

Gyaran ba wani abu ba ne, lambar gaskiya kawai ya gaya wa kwamfuta. Bappa ya koma Bappa. Ya yi wa sautin Kaltum haka, sai ga wata mace mai sauri da zaƙin murya tana yi masa tsiya. Bai san ta ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar jana'iza.

Washegari ya zuba sautin biyu a waya, ya hau babur zuwa Chinade wurin Hajiya Jumai, yayar Kaltum. Bayan sun gaisa ya kunna mata na farko, wanda ya saba cin abinci da shi.

"Wannan kuma wace ce?" in ji Hajiya. "Mura take yi?"

Ya kunna na biyu. Carbi ya faɗi daga hannunta.

"Kaltume! Wallahi ita ce, Umara. Ji bakin nan nata da ba ya hutawa." Ta fashe da kuka, ta ce ya sake. Ya sake, ya sunkuyar da kai, ya kasa kunne iya ƙarfinsa ko zai tsinci wani abu da ya sani. Hajiya tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

"Kai ma ka ji ta, ko? Kamar yanzu za ta ɗaga labule ta shigo."

"Na ji, Yaya."

"Allah ya ji ƙanta."

"Amin," ya ce, bai san wace ce a cikin biyun yake yi wa addu'ar ba.