Garmar da Ta Sha Man Shanu

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi tatsuniya hukunci ce. Kakarmu, wadda duk layin ke kira Iya Abu, ba ta ba da labari haka siddan. Idan ɗayanmu ya yi abin da ya ɓata mata rai da rana, sai ta yi kamar ba ta gani ba. Tana bari har a yi magariba, a kwashe tuwo, wutar murhu ta koma garwashi. Sannan ta jawo 'yar kujerarta, ta binne dankali cikin toka, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Wata baƙuwa ta yi sallama," in ji ta.

Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "A ba ta tabarma!" Muna amsawa muna satar kallon juna, kowa na lissafin laifinsa, don mun san baƙuwar nan wajen wani ta zo.

Yawanci wajen Sagir take zuwa, ƙanena da yake bi na. Yaron nan ba ya cin abincin gida. Kafin ya iso daga Islamiyya ya cika ciki da gullisuwa da awara da ƙanƙarar leda, in an ajiye masa tuwo sai ya yi ta zane a kan miya da yatsa. Amma yana da wata motar gwangwani da ya ƙera, wadda kullum cikin gyara take. Yau ya yanka tsohon silifas ya sake mata taya, gobe ya saci man kitson Mama ya ɗiga mata. Iya tana kiransa angonta, kuma shi ne ya fi kowa ƙona mata rai.

Ranar da ya ture kwanon miyar kuka yana gwada sabuwar taya, mun san akwai magana.

Ta ce a wani gari an yi wani manomi mai garma. Yana son garmar nan kamar ransa. Duk ranar kasuwa sai ya saɓa ta ya kai maƙera, a wasa mata baki, a sake mata ƙota, ko da ta jiya ba ta yi komai ba. Man shanun da matarsa ta sha wahalar kaɗawa, sai ya kwashe ya shafe garma da shi. In ta kawo masa fura ya ce ta ajiye, in ta kawo tuwo ya ce yana zuwa. A bakin maƙera yake sayen alewa da ƙuli-ƙuli ya tauna a tsaye. Matar ta ce, "Malam, garma tana ƙiba kai kana ramewa." Ya ce, "Ke me kika sani game da ƙarfe?"

Ruwa ya sauka, maza suka fita gona. Ya fito da garmarsa tana walƙiya, mutane na tsayawa kallo. Ya kafa ta a ƙasa, bai kai ƙarshen kunyar farko ba jiri ya kwashe shi ya zube. A nan Iya takan matse hanci ta siranta murya, ta yi maganar garma: "Bawan Allah, ni fa ba na noma. Da ni ake noma." Maƙwabcinsa ya zo ya ari garma, ya nome tasa gonar, ya cika rumbu. Mai garma kuwa damina ta wuce shi yana kwance a zaure.

"Baƙuwa ta naɗe tabarma," in ji Iya, tana tono dankali, idonta a kan Sagir.

Ya sunkuyar da kai, har na ɗauka ta shige shi. Can ya ɗago kai. "Iya, wane irin icce ne aka yi mata ƙotar da shi?"

Da mafici ta jefe shi. "Allah Ya shirye ka, angon banza! Bilki, ɗauke min shi daga gabana."

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Sagir yanzu magidanci ne a Tarauni, wajen Babban Giji, da matarsa Rumasa'u da 'ya'ya biyu, Ilham da ƙanwarta. Sana'arsa zana katin biki da allon talla a laftof, kuma Allah Ya ba shi hannu. Sai dai laftof ɗin nan ba ta taɓa hutawa da gyara ba. An ƙara mata ram, wai abin da ke sa ta sauri. An cire ma'ajiyarta an sa wata sabuwa wadda ba ta yin ƙara. An sake batir. Ya sayo mata wani faranti mai fanka da take zama a kai don kada ta ji zafi. Shi kuwa mai ita yana wuni a kujera ɗaya, mai babur na kawo masa shawarma da soyayyen dankali da kaza da lemon kwalba mai sanyi, girkin Rumasa'u na hucewa a kula.

Abin da ya fi ci min rai, ba jahilci ba ne. Babu abin da Sagir bai bincika a waya ba. Shi ne zai ce min, "Yaya Bilki, kin san farar miyar nan ta cikin shawarma kusan duk mai ce? Ga gishiri kuma." Yana faɗa yana lashe ta daga yatsa. In na harare shi ya ce, "Ai akwai kabeji a ciki. Ganye ne."

Bara da zafi ya kai laftof wajen mai gyara a sake ƙara mata ram. Ya miƙe zai karɓa, ya yanke jiki ya faɗi. Mai gyaran ne ya kira Rumasa'u, ita kuma ta kira ni tana kuka har ba na gane maganarta. Na bar ɗalibaina a aji, na tari adaidaita, ko mayafi ban yafa daidai ba. Duk hanya ina tuna cewa hawan jini ne ya ɗauke mahaifinmu. A asibiti likita ta ce jininsa ya hau sosai, suga ma ya hau, Allah ne Ya taƙaita.

Da ya buɗe ido na sunkuya ina masa sannu. Leɓensa ya motsa, na kara kunne.

"An mayar mata da murfin baya? Kada ƙura ta shiga."

Wallahi ba don idon mutane ba da na ɗaka masa duka a kan gadon nan.

Likita ta ce ya rage mai da gishiri, ya bar lemo, ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya jera mata tambayoyi masu ma'ana har ta ce da kowane mara lafiya haka yake da ta huta. Ni da Rumasa'u muka kalli juna kawai.

Bayan an sallame shi na kai masa dambun zogale. Na tarar ya kwance murfin bayan laftof yana share fankarta da ɗan burushi mai laushi, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. A bayan kujera kuma ga ledar shawarma, mai ya ɓata gindinta.

"Ta jiya ce," in ji shi.

"Ta jiya ce take tururi?"

Na zauna na tuna masa mai garma, tun daga maƙera har zaure. Ya yi dariya ya ce, "Allah Sarki Iya. Har ta tafi ba ta faɗa min iccen ƙotar ba."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Sagir, ranar da ka faɗi ba ka tashi ba, kafin sadakar uku wani zai zo tambayar ko za a sayar da laftof. Su Ilham wa zai tambaya?" Hawaye suka zubo min, haushin kaina ya ƙara kama ni. Rumasa'u na tsaye a bakin ƙofa da ƙaramar a goye. Ya jawo kwanon ya ci rabi ba tare da ya kalli kowa ba.

Ina yarinya na ɗauka labarin nan na masu ƙin tuwo ne. Yanzu in na tuna shi, matar nake gani, tana kaɗa man shanu, tana ajiye kwano, tana faɗar gaskiya ga mutumin da ya riga ya san ta. Iya ba ta taɓa faɗin yadda ta ƙare ba. Da na tambayi Mama, sai ta ce kakanmu tela ne, kekensa ba ya kwana sai an ɗiga masa mai, shi kuma goro da shayi ne abincinsa har ciwo ya kayar da shi. Ashe ba nesa Iya ta je ɗauko baƙuwarta ba.

Kwanakin baya na leƙa gidan. Sagir ya ɗan faɗa, fuskarsa ta washe. Ya miƙo min hannu yana washe baki, ya sayi wani agogo mai ƙirga taku da bugun zuciya. Yana cikin yi min bayanin batirinsa abin ya yi ɗan kuka, rubutu ya fito wai ya daɗe a zaune. Nan take mutumin nan ya rufe laftof, ya zura takalmi.

"Yaya, bari in zaga layi in dawo. Ya ce in tashi."

Rumasa'u ta ce kullum haka yake yi, har lemo ya bari don kada agogo ya nuna abin da ba ya so. Kakarsa ta faɗa, matarsa ta faɗa, likita ta faɗa, ni na faɗa har da hawaye. Na bi bayansa da kallo yana zabga sauri, yana duba tsintsiyar hannu. Na ja tsaki mai tsawo, sannan na ce alhamdulillahi.