Shuwakar Bayan Ɗakin Baba Tsoho

Duk lokacin da na ji ƙanshin ganyen shuwaka ana murza shi a ruwa, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Asata a Inugu, ina 'yar shekara tara, ga Iya kakata ta duƙufa a gaban kwano, koren kumfa har gwiwar hannunta.

Idan ka ga zaman Iya da Baba Tsoho, mijinta, za ka rantse haya suke a gida ɗaya. Shekara arba'in da aure, ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Ke" yake cewa, ita kuma ta ce "Malam". Ranar da ta yi miyar shuwaka kuwa, sai ya dawo daga rumfarsa ta albasa a kasuwar Ogbete, ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Ɗaci ya yi yawa."

"To a bari mana," in ji ta. Bai taɓa bari ba. Kwanon a suɗe yake fitowa.

Iya ba ta jin Ibo, haka muka taso muka sani. Mu da aka haifa a Inugu mun iya shi kamar ruwa, har tsiya nake mata, wai ta tsufa a gari ba ta iya ko gaisuwa ba. Sai ta harare ni ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A ƙarshen daminar shekarar da ƙasa ta rikice, jiragen ƙasa suka fara sauke mutanen Gabas da suka tsero daga Arewa, wasu da raunuka, wasu ba kowa nasu. Gari ya yi zafi. Aka ce duk Bahaushe ya nufi tasha. Babana ya ɗaure kaya, amma Baba Tsoho ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya ce gwiwarsa ba za ta iya tafiya ba. Gwiwar da jiya ta kai shi kasuwa ta dawo da shi!

Ana cikin lallashinsa wani dattijo Ibo ya shigo ba sallama, ya tsaya gaban Iya ya ce da Ibo, "Yayata." Ta amsa masa da Ibo mai zurfi, irin na ƙauye, wanda ni mai baki ban gane rabinsa ba. Ƙaninta ne. Danginta sun yafe ta tun ranar da ta musulunta ta auri Baba Tsoho, ita kuma ta binne harshen. Babana ya sani, ya ɓoye mana. Sai a lokacin na gane ciwon gwiwar: in ta bi mu Arewa ranta na cikin haɗari, in shi ya zauna nasa ne.

Ranar na fara jin Iya ta ɗaga masa murya.

"Malam, tashi ka bi 'ya'yanka. Kada ka sa in wanke gawarka."

Ya tashi. Ko kallonta bai yi ba, wallahi har na ji haushinsa. Ya ce zai zaga bayan gida, ya dawo muka tafi, ita kuma ta bi ƙaninta.

A jirgi, cikin cunkoso da ƙishirwa, na ga Baba Tsoho yana jiƙa wani tsumma da ɗan ruwan da aka ba shi ya sha. Reshen shuwakar Iya ne ya karyo. Da muka isa Kano ya dasa shi a bayan ɗakinsa, ya kewaye da ƙaya. Shekara uku ana yaƙi, ba wasiƙa, ba labari. Bai ambaci Iya ko sau ɗaya ba, amma kowace alwala a gindin shukar yake yi, kuma ba wanda ya isa ya tsinki ganye.

Da hanya ta buɗe ya tafi shi kaɗai. Bayan wata biyu ya dawo da ita, ta rame har ban gane ta ba sai da ta harare ni. Ta zaga bayan ɗaki, ta tarar shuwaka ta fi ta tsawo. Ta daɗe a tsaye.

"Wa ya dasa ta a cikin rana haka?" ta ce.

"Tsirowa ta yi," in ji shi.

Washegari ta murza ganyen ta yi miya. Ya kai loma ɗaya, muna jira. Sai ya ce, "Ɗaci ya yi yawa." Iya ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na girgiza. Ni ma na yi kuka.

Yanzu jikokina suna faɗa wa matansu kalmar so a waya sau goma kafin azahar, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai ban taɓa jin ta a bakin tsofaffin nan biyu ba har suka koma ga Allah. Shuwakar tana nan a bayan ɗakin, kuma a gindinta nake alwala.